Haƙorin Yanke Zare

Maganar da ke yawo a layin ita ce wani direban babbar mota ya mutu a dalilin haƙori. Wai likita ya kashe masa jijiyar haƙorin ya bar masa shi a baki, haƙorin ya ruɓe, guba ta bi jini ta hau kai, kafin a ankara sai zaman makoki. Duk wanda ya ba da labarin sai ya rufe da cewa, "Haƙori in ya lalace ai cirewa ake yi. Wa ya taɓa kwana da gawa a ɗaki?"

Maganar ta shigo gidan Malama ne a bakin mijinta, Tela, kuma da ƙyar ta fito, don leɓensa na sama ya kumbura har ya ture hanci gefe. Haƙorinsa na gaba ne ke ciwo, wanda yake yanke zare da shi tun yana saurayi. Almakashi na nan rataye a wuyansa, amma in ya kai ƙarshen ɗinki sai ya sunkuya ya datse zaren da baki. A hankali zare ya yi wa haƙorin ɗan gurbi, gurbi ya zama tsagi, ciwo ya samu ƙofa. Likitar haƙori ta duba ta ce ana iya ceto shi: a huda, a kwashe jijiyar da ta lalace, a wanke ciki, a cike. Tela ya ce zai yi shawara. Shawarar kuwa a bencin ƙofar shagonsa aka yi ta, kuma benci ya yanke hukunci, a cire.

"Gobe zan je a tumɓuke shi in huta," in ji shi, yana dafe da kunci.

Malama ta ajiye kofin shayinta. Ita kimiyya ta koyar a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, kuma ɗalibanta ba banza suka laƙaba mata Wa-Ya-Gani ba. Ta san bakin mijinta kamar yadda ta san ɗakin girkinta. Haƙoran ciki sun riga sun tafi ɗaya bayan ɗaya, na gaban nan ne suka rage masa na gatsa da na dariya. In wannan ya fita, ba tsiro zai yi ba.

"Direban nan, wa ya gan shi?"

"Kin fara ko? Kowa ya sani."

"Kowa ba suna ba ne, Maigida. Wa ya gaya maka?"

"Auta."

"To, ka ara mini yinin gobe. Haƙorin da ya yi maka bauta shekara da shekaru ai bai kamata a kore shi ba a ji ta bakin shaidu ba."

Auta ƙanin Tela ne, mai aski, shagonsa na jingine da na wansa. Furfura ta cinye masa kai, amma har yau Auta ake ce masa. Malama ta same shi da safe yana goge bakin injin aski da buroshi, wani mutum na zaune a kujera an lulluɓe shi da ƙyalle har wuya.

"Matar Yaya! Yau kuma wa za a yi wa jarrabawa?"

"Kai. Direban da ya mutu, ka je gaisuwa?"

"Ban je ba, amma magana ce tabbatacciya. Surukata ce ta faɗa mini, mai sayar da abinci a tashar manyan motoci. A gabanta aka yi komai."

"A gabanta ya mutu?"

"Ke dai da bin diddigi! Da lauya kika zama da tuni mun yi gidan bene."

"Da kai ma ka riƙe bakinka kamar yadda kake riƙe aska, da ba a yanki kowa ba."

Mutumin da ke cikin ƙyalle ya tuntsire da dariya har Auta ya ɗaga injin daga kansa.

Zuwa da kai ya fi aike. Malama ta hau mota zuwa tashar, ta ratsa tsakanin tayoyi masu tsayin mutum da tafkunan baƙin mai, har ta kai rumfar surukar Auta. Matar na zuba abinci da hannu ɗaya tana kore ƙuda da ɗayan.

"Mutuwa? Wa ya ce ya mutu? Ni cewa na yi ya kusa. Fuskar nan ta haye har ido ya ɓace, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Shi Autan ne ya ƙarasa shi." Ta nuna da ludayi. "Ga shi can ma, mai jar hula. Marigayi! Zo ana nemanka."

Marigayin ya taso daga inuwar motarsa, ƙato ne mai fara'a, idanunsa biyu garau. Da ya yi murmushi sai ga giɓi a gefen dama. Ya ba Malama kujerarsa ta roba, shi ya zauna a kan jarka.

"Mama, ni ma na ji labarin mutuwata. Har wani ya zo yi wa matata ta'aziyya ya tarar da ni ina wanke ƙafa."

"Amma an yi maka aikin?"

"An yi. Kuma shi ya jawo mini. Likita ya huda, ya yi ta soka wasu 'yan allurai, ya liƙe da wani farin abu. Na tashi garau, kamar ban taɓa ciwo ba. Washegari na samu lodi na kama hanya. Muna can wajen iyaka, ana jiran takardu, farin abin nan ya faɗo a cikin burodi. Na cusa auduga na ci gaba da harkata. Bayan 'yan watanni, sai fuska ta ce ba ta san zancen ba. A ƙarshe dai cire shi aka yi. Da tun farko na cire, da ban sha wannan wuya ba."

"Sau nawa ka je wurin likitan?"

"Sau ɗaya mana."

"Bai ce ka dawo ba?"

Direban ya sosa ƙeya. "Ya dai ce wani abu mai kama da haka. Amma Mama, mota in ta tashi wa ke komawa wurin makanike?"

Malama ta yi masa godiya. A hanyar gida tana ta juya maganar. Benci bai yi ƙarya duka ba, ruwa ba ya tsami banza: mutum ya kumbura, haƙori ya tafi. Sai dai ba ta yarda ta watsar da maganar benci ta miƙa wuya ga likita haka kawai ba. Farar riga ma ba shaida ba ce.

Ta gaya wa Tela cewa mamacin na gaishe shi. Ya yi ƙoƙarin dariya, leɓe ya hana. Da haka dai ta samu ya yarda su koma wurin likitar tare.

Ɗakin likitar ƙarami ne, yana warin magani mai kama da kanumfari. Ga doguwar kujera mai kwanciya, ga fitila mai wuya kamar na zalɓe, ga tire cike da 'yan ƙarafa. Likitar ta ɗora hoton haƙorin a allo ta nuna wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar.

"Nan mugunya ta taru, Mama."

"'Yata, ni tsohuwar malama ce, ki yi haƙuri da tambaya. In kin cire jijiyar, ba gawa kika bar masa a baki ba?"

"Jijiyar ta riga ta mutu, ita ce ma ke ruɓewa a ciki. Kwashe ta zan yi. Shi kuwa haƙorin, dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna da rai, za su ci gaba da riƙe shi. Sanyi da zafi ne kawai zai daina ji."

"Kullum ake dacewa?"

"A'a. Mafi yawa ana dacewa. Wani lokaci ciwon kan dawo, a sake wankewa, in ya ƙi a cire."

Wannan "a'a" ita ta kwantar wa Malama da hankali. Ta daɗe da sanin cewa mai cewa "kullum" ko dai bai sani ba ko yana sayar da wani abu.

"Farin abin da ake liƙawa fa?"

"Na wucin gadi ne, murfi ne kawai kafin magani ya gama aiki a ciki. Dole a dawo a cike ramin har ƙasa, sannan a sa wa haƙorin hula. In aka bar shi da murfin nan, wata rana zai faɗi, ƙofa ta zauna a buɗe, kuma babu jijiyar da za ta yi ƙara."

Tela bai ji wannan ba. Yana kwance ya ƙura wa allurar kashe zafi ido, shi da ya ƙare rayuwarsa cikin allurai.

Malama ta zauna a kusurwa tana kallo. Aka shimfiɗa masa wata 'yar roba a baki, haƙorin kaɗai ya leƙo ta ciki kamar maɓalli a rami. Injin ya yi 'yar ƙararsa. Sai likitar ta shiga ɗaukar wasu siraran ƙarafa, daga ƙarami zuwa babba, tana murzawa a hankali, ta wanke, ta sake murzawa. Aiki ne na mai haƙuri, irin ɗinkin hannu. Tela da ya shigo yana damƙe da hannun kujera, kafin a gama har ya saki yatsunsa.

Kwana kaɗan kumburi ya saɓe, barci ya dawo, ci ya dawo. Aiki kuma ya yi masa rubdugu, don makarantu na dab da komawa, kayan ɗalibai sun cika teburin yanka. Ranar da aka ce ya koma, Malama ta yafa mayafinta ta jira shi a gida, shiru. Ta bi shi shago.

Ta tarar da keken ɗinki na gudu, alli a bayan kunnensa, tef a wuya, Auta na zaune a benci yana kaɗa ƙafa.

"Maigida, likita na jira."

"Malama, dubi aikin da ke gabana. Kuma ni na warke. Ji nan." Ya ƙwanƙwasa haƙorin da farce. "Ko ɗis."

"Ai gara ka tsaya haka nan, Yaya," in ji Auta. "Ka shiga sau ɗaya ka fito lafiya, kada ka sake kai kanka. Ka tuna direban nan."

"Wanda ka kashe?" in ji Malama.

"Wanda ya kusa mutuwa," Auta ya gyara, yana kallon gefe.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki wata riga daga kan tebur, wadda Tela ya kama da dogayen ɗinki na farin zare kafin ya bi ta da keke. Ta ja bakin zaren da yatsa biyu, hannun rigar ya zame ya faɗi ƙasa.

"Kai! Ban gama da ita ba!"

"Na sani. Za ka ba mai ita a haka ya sa ya fita?"

"Wane irin tela ne zai yi haka?"

"Abin da ke bakinka ke nan. Kamu aka yi maka, ba a bi da keke ba. Direban nan ma a kan kamu ya tafi. Na tambaye shi da bakina, sau ɗaya ya je."

Keken ya tsaya. Tela ya taɓa bayan haƙorin da harshe, inda farin murfin yake. Ya dubi tulin yadi, ya dubi hannun rigar da ke ƙasa. Sannan ya cire allin daga kunne ya ajiye.

"Auta, ka duba mini shago. In masu kaya sun zo ka ce gobe."

"In ce musu me ya faru?"

"Kada ka ce komai," in ji Malama. "Mun san bakinka."

Ya koma a ranar aka cike ramin, ya sake komawa aka sa hula. Likitar ta hana shi gatsa zare, kuma ya ji, sai dai in ya manta.

Direban bai mutu ba, bai kuma rasa ido ba. An fara masa aikin, bai koma an ƙarasa ba, haƙorin ya sake ruɓewa aka cire. Tela ya je har aka gama. Baƙin tabon ya ɓace a hoton da aka sake ɗauka, haƙorin kuma yana bakinsa.