Raƙumin Dawan Kwali

"Ina kayan da ke kan teburin nan?"

Baba Mai Agogo ne ya yi tambayar daga bakin ƙofar ɗakinsa, ɗansa na riƙe da shi. Maƙwabciyarsa, wadda duk gidan hayar ke kira Uwar Tsafta, tana bayansu tana jiran yabo. Kwana tara ya yi a asibiti, aka bar mata makulli don ta riƙa buɗe taga. Tana shiga ta ga abin da ranta ba zai ɗauka ba: kwalaye, marafan kwalba, gwangwanaye, an manna an shafe da fenti, sun cika teburin da a da yake gyaran agogo. Mace ce da ko ƙasan takalmi ba ta bari ya kwana da datti. Buhu biyu ta cika ta miƙa wa motar shara.

"Tarkacen? Ai na raba ka da su, Baba. Kyankyasai kawai suke tarawa."

Tsohon ya daɗe yana kallon teburin.

"To. Sannu da aiki, 'yata."

Sai da ɗan ya rako ta waje ya gaya mata, murya ƙasa-ƙasa. Akwai wani shirin yara a talabijin duk safiyar Asabar, inda wata mata ke koyar da ƙera abubuwa da kayan gida. 'Yarsa mai shekara bakwai tana kallo a can garinsu, kakanta yana kallo a nan. Abin da aka koya, ita ta yi nata, shi ya yi nasa, ba mai nuna wa wani. Sun yi alkawari in an ba da hutu za ta zo da nata a jera, a ga gwani. Hutun saura mako biyu.

Uwar Tsafta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Washegari ta nemo shirin a waya, ta shiga bin ƙofa-ƙofa tana roƙon kwalin ƙwai.

"Ke da kanki?" in ji mai shago. "Bola za ki buɗe?"

Ta ƙudura sai ta mayar da komai kafin yarinyar ta iso. Amma abin da matar talabijin ke yi cikin minti biyar tana dariya, ita sai ta wuni a kai, gam ya manne mata yatsu. Mako guda, raƙumin dawa ɗaya ta iya haɗawa, wuyan a karkace, ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa.

Kullum tana kai masa shayi da niyyar ba shi haƙuri, sai ta ƙare da tambayar jiki. Shi kuma bai sake tayar da maganar ba, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Rannan tana ajiye kofi ta ji shi a waya da jikar.

"Suna nan, na ɓoye. So kike ki sace mini fasaha?"

Ya yi dariya har da tari. Bai kalli inda take ba.

Ranar Laraba da rana ya rasu a kujerarsa, kwana uku kafin hutu. Da aka fita da shi, ta lallaɓa ta ɗora raƙumin dawan a kan teburi.

Yarinyar ta zo da ɗan akwatinta. Mutane na ta shigowa gaisuwa, ita ko a jikinta, ta jera nata gefe guda: jirgi, kifi, gida mai tagogi. Sannan ta ɗauki raƙumin ta jujjuya.

"Abba, wannan ne na Kaka? Shi kaɗai?"

Uban ya kau da kai.

"Ashe ma bai iya ba," ta ce. "Ya ce mini hannunsa bai taɓa kuskure ba."

Uwar Tsafta ta durƙusa gabanta. Uban yarinyar yana yi mata alama da ido ta bari, ta ƙi.

"Ba shi ya yi ba, 'yan mata. Ni na yi. Nasa ni na zubar, na ɗauka shara ce."

"Suna da kyau?"

Ƙarya ta zo mata har baki.

"Ban sani ba. Ban tsaya na kalle su ba."

Yarinyar ta kalle ta. Sai ta fizge wuyan raƙumin, ta ciro gam daga akwatinta, ta shafa, ta mayar da shi a miƙe.

"Riƙe nan, Anti. Kar ki saki sai ya bushe."

Masu gaisuwa na shiga suna fita, suna zagaye ta. Tana nan durƙushe, kanta a ƙasa, da wuyan kwali tsakanin yatsunta.