Kwalaben Baban Ƙasa

Kwalba ɗari takwas da sittin da biyu ne, ni na ƙirga su da hannuna. Kowacce cike da ƙasa: ja, baƙa, mai yashi, mai danƙo. Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana tara su a ɗakin da ke ƙarshen baranda, a sashen aikin gona na 'yar kwalejinmu, har ɗalibai suka sa masa suna Baban Ƙasa. So yake ya nuna yadda ƙasar noma ke gajiya shekara bayan shekara. Bai kai ga rubutawa ba shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ta tafi da hannunsa na dama da bakinsa.

Ni ɗalibarsa ce a da, yanzu ni ke koyar da darasinsa. Ranar Laraba shugaban kwaleji ya kira ni ofis.

"Malama, kwamfutoci za a zuba a ɗakin kwalaben nan. Litinin leburori za su zo."

"Ranka ya daɗe, aikin shekara talatin ne fa!"

"Na sani. Shi ya sa na ba ki har Litinin."

Na buga waya har kunnena ya yi zafi kafin wata cibiyar bincike ta yarda za ta karɓi kwalaben. Sharaɗinsu ɗaya ne: a rubuta a jikin kowacce daga wace gona aka ɗebo ta. Suka ce in babu wannan, ƙasa ce kawai irin ta bakin hanya.

To nan fa gizo ke saƙa. Malam bai taɓa rubuta sunan wuri ba. Laƙabin ɗalibin da ya ɗebo yake rubutawa, da shekara, shi ke nan. Dogo. Mai Gilashi. Na-Baya. Cewa yake ƙauyuka biyu kan yi suna ɗaya, amma Dogo ɗaya ne a duniya. Ni da yake kira Uwar Gardama na sha ce masa ya buɗe littafi. Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce, "Ga littafin nan, gara ba ta cin sa."

Allah ya sa Asabar ce ranar taron tsofaffin ɗalibai. Na ce alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ana gama jawabai na tare ƙofa, na kwaso mutum kusan arba'in zuwa ɗakin, na raba musu biro da takardu.

Wayyo ni! Suna shiga wuri ya kaure da ihu. Kowa ya ruga neman sunansa. Dogo, wanda yanzu tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, ya ɗaga kwalbarsa sama yana cewa a ɗauke shi hoto. Mai Gilashi ta tuna ranar da motar kwaleji ta maƙale a taɓo Malam ya tuɓe takalmi ya tura. Sun tuna launin motar. Sun tuna waƙar da suka yi wa direba, har suka rera ta baiti uku.

Na ce, "Don girman Allah, wurin nake tambaya. Dogo, ina ka ɗebo wannan?"

Ya karkata kai. "Akwai dai wata bishiya."

"Wace iri?"

"Babba."

Na ji kamar in kwaɗa masa kwalbar a ka. Sai Na-Baya, wanda tun muna aji ba ya magana sai ta ɓarna, ya fashe da dariya.

"Uwar Gardama, ki daina wahalar da kanki. Ni dai tawa a bayan ɗakin kwanan ɗalibai na ɗebo. Wa zai yi tafiyar awa biyu a rana saboda ƙasa?"

Aka kwashe da dariya. Mutum shida suka ɗaga hannu, su ma haka. Ni ban yi dariya ba, ban kuma ɗaga hannu ba, alhali ya kamata in ɗaga. A shekarata ta biyu zazzaɓi ya hana ni fita, na tsuguna a bayan ɗakin kwananmu na cika kwalba, na kai masa na ce daga gona take. Shekara goma sha tara ban gaya wa kowa ba. Taro ya watse da takarda goma sha ɗaya kacal a hannuna, su ma rabinsu "ina jin" ne da "kamar dai".

Lahadi da hantsi na cika kwali da kwalba ashirin na nufi gidan Malam. Matarsa ta buɗe mini.

"Mama, yana iya ganin mutane?"

"Shigo, 'yata. Gani dai yana gani."

Yana kan kujera kusa da taga, an rufa masa tawul a cinya. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe kwalba ɗaya na zuba masa kaɗan a tafin hagu. Ya murza da babban yatsa. Ya kai hanci. Wallahi na ga fuskarsa ta washe, ya gane ta sarai. Ya buɗe baki, ni kuma biro na hannuna.

"Ta… ta… ta…"

Iyakarta ke nan. Na zuba ta biyu, ta uku, har ta goma sha tara. Kowacce ya san ta, amma sunan wurin ya ƙi fita. Na ba shi biro, hannun hagu ya zana abin da ko shi bai iya karantawa ba. Na shimfiɗa taswira, yatsansa ya yi ta yawo a kai bai tsaya ko'ina ba. Hawaye ya gangaro masa, Mama ta share da gefen tawul ta ce, "Ya isa haka, ya gaji."

Saura ɗaya a kwalin, tawa. Ban san abin da ya sa na sako ta ba. Na zuba masa. Ya murza sau ɗaya, ko shinshinawa bai yi ba. Ya dube ni, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

"Ba… yan… ɗaki."

Mama ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Wata huɗu ke nan bai haɗa kalma biyu ba!"

Ta fita da gudu kiran 'ya'yanta a waya. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ashe ya sani. Tun ranar da na miƙa masa ya sani, ya karɓa, ya rubuta sunana, ya jera ta cikin sauran.

Litinin leburori suka zo da baro biyu. Babbansu ya leƙa ɗakin ya ce, "Malama, kwalaben muna so in ba kya so. Ƙasar fa, ina za mu juye?"

Na tsaya riƙe da tawa, ita kaɗai ce na san asalinta ba tantama. Na ce masa akwai rami a bakin get da ke tara ruwa.