Farin Zaren Ranchhod

Duk tsohon garin Ahmedabad babu soron da bai san hannun Ranchhod ba. Girgizar ƙasa ta rushe masa ɗaki, ya fito yana kaɗe riga. Kogin Sabarmati ya taɓa tafiya da shi, ya tauna ya ji ƙashi, ya tofo shi a gaɓa. Aji kam bai taɓa shiga ba. Amma ranar Uttarayan, da gari duka ke hawa rufi a saki patang sama, wato takardar da iska ke ɗagawa a bakin zare, kowa da zarensa mai garin kwalba yana neman yanke na maƙwabci, to ranar shi ne malami. Mutum ɗaya ke iya ja da shi, Natubhai tela, na gidan da ke kallon nasu.

Bana kuwa tun hantsi abin bai kwanta masa ba. Ya yanke na masu madara, ko zagi babu. Ya yanke na Natubhai, Natubhai ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Natubhai fa! Mutumin da bara ya jefo masa takalmi daga can rufinsu.

Ya juya wajen surukarsa Hansa, wadda ke riƙe masa da kwarkwaron zare.

"Ke, me ya sami mutanen nan?"

"Tsoronka suke ji, Bapuji. Ga kantun riɗi."

"Ina jalebina?"

"Ya ƙare."

Ƙarya ce, ƙamshin suyarsa da na sukarinsa na tasowa daga tsani. Sai ya tuna makon jiya, da ɗansa ya kai shi asibiti. Likita ya manna masa abu a ƙirji, ya koma yana yi wa ɗan Turanci ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar gishiri ya ragu a miya, ɗan kuma ya tsiri zuwa gaida maƙwabta gida-gida, shi da ko sallama ƙyashinta yake.

Ranchhod ya aiki Hansa ta kawo masa ruwa. Tana sauka ya zaro farin zaren ɗinki daga kwandonta, wanda ko kaza ta ja zai tsinke, ya ɗaura wa jan patang ya sake shi. Ya kai shi daidai kan na Natubhai, ya gitta.

Na Natubhai ne ya tafi, yana lilo kamar bugagge.

"Kai, Ranchhodbhai, hannunka sai Allah!" in ji Natubhai.

"Tela!" Ranchhod ya daka masa tsawa, har tattabaru suka tashi. "Ɗago hannunka na hagu!"

Natubhai ya yi wuƙi-wuƙi. Almakashinsa na ɗinki ne a ciki, da shi ya datse zarensa da kansa.

"Da zaren ɗinke wando na yanke ka, munafuki! Wa ya aiko ka ka yi mini jana'iza ina tsaye?"

"Ɗanka ne ya ce zuciyarka ba ta son ɓacin rai. Ya roƙi unguwa duka."

"To ga shi ya ɓaci! Na faɗi?"

Hansa na tsaye bakin tsani, ruwa na zuba daga kofin.

"Bapuji, don Allah ka zauna."

"Riƙe mini kwarkwaro, 'yar nan, na gaske. Kai kuma tela, in ka sake sakar mini, gawarka ma ba zan raka ba."

Natubhai ya ajiye almakashi, ya naɗe yatsunsa da tsumma. Patang biyu suka hau, ja da baƙi, suka sarƙe can saman hasumiyar haikali. Ranchhod ya saki, ya ja, ya saki. Zare ya tsaga masa yatsa, ƙirjinsa na dukan ganga, Hansa na ambaton allolinta ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya ji hannunsa ya yi sakayau. Jan patang ya kama hanyar kogi.

"Na yanke!" Natubhai ya kurma ihu, yana tsalle kamar ba shi da jikoki. "Na yanke tsohon banza!"

Ranchhod ya dafa katanga, ya saurari ƙirjinsa. Zuciyar tana nan, tana aikinta. Ya sunkuya ya cire takalmi, ya auna, ya jefa. Ya sami tela a kafaɗa.

"Iska ce ta taimake ka, ɗan allura! Hansa, kawo wani patang. Ki haɗo da jalebin nan da ya ƙare."