Ajin da Ba Nata Ba

Makarantu uku ne suka ba Auta gurbi, kuma ranar Litinin dole ta amsa wa ɗaya. Yayarta ta ce mata a waya, "Ke dai je ki gani da idonki. Kina shiga wadda ta dace da ke za ki ji a jikinki." Auta ta shiga biyu, abin da ta ji a jikinta bai wuce ciwon ƙafa ba.

Babanta kafinta ne, shi ya rufe shago kwana uku don ya raka ta. Su biyu suka rage a gida tun rasuwar Mama, shekara uku ke nan. Ita ke ajiye masa ƙwayar hawan jini kusa da kofin shayi, ita ke tsayawa a kansa har ya haɗiye, don mutum ne da zai ce ya sha alhali tana aljihu. Makarantu biyun farko mota ɗaya ce daga gida, ta fita da safe ta dawo da yamma. Ta ukun tafiyar awa bakwai ce, sai dai hutu ya dawo da ita. Duk lokacin da ta tambayi Baba wacce yake so, sai ya ce, "Ni zan yi karatun?"

Ga shi yawo da Baba aiki ne ja. Mai zagayawa da baƙi yana can yana zuba bayani kan ɗakin karatu, Baba ya kifa kujera yana duba cikinta. "Manne kawai suka yi," ya ce, ba ma a hankali ba. "Shekara ɗaya ta tashi aiki." Kullum da sukundireba a aljihun rigarsa. Ba ya iya wuce abin da ya saki, ko a gidan wa ne. A makarantar farko ya ɗaure benci, a ta biyu ya gyara marfin taga, Auta na gefe kamar ta nutse don kunya.

Ita kuma ta zo da littafi, tana ba kowace makaranta maki: ɗakin kwana, ruwa, tsabta, fuskar malamai. Da ta haɗa, sai ta ga sun yi kunnen doki. Ta buɗe hotunan waya ko za su raba gardama, ta kasa gane wane ɗakin karatu ne na wace makaranta. Duk farin fenti ne da fanka. Ta fara zargin kanta. Ko dai ita ce ba ta da irin jikin da Yaya ke faɗa?

Makaranta ta uku sun iso a makare, an riga an wuce da baƙi. Mai gadi ya nuna musu hanya da haɓa. Suka bi wani dogon baranda, suka sha kwana, suka sake ɓullowa inda suka faro. Auta ta gaji, ta ma yanke a ranta cewa wannan ta fita daga lissafi. Makarantar da ko ƙofarta ba a ganewa, me za a yi da ita?

A nan Baba ya hango wata ƙofa tana jan ƙasa. Kafin ta ce uffan ya durƙusa. Yana cikin ɗaurewa wani ma'aikaci ya zo da sauri. "Kafinta! Sai yau? Sati biyu muna aikawa. Zo ka ga durowar ofishinmu." Mutumin ya ɗauka kafintan makarantar ne. Auta ta jira Baba ya gyara masa zance, amma ina, an ambaci durowa.

"Shiga ciki ki zauna, Auta. Minti biyar."

Ta shiga. Ɗakin gwaje-gwaje ne, dogayen tebura da famfo a ƙarshen kowanne. Ba ta gama zama ba ɗalibai suka cika ɗakin, wata malama gajera ta biyo su da kwalbar ruwa mai duhu, ta ja ƙofar ta rufe. Ta tsaya tana kallon ƙofar da mamaki, ganin yau ba ta ja ƙasa ba, sannan ta fara darasi. Fita yanzu sai an ratsa mutum talatin. Auta ta sunkuyar da kai.

"Ruwan kwata ne, daga bayan ginin nan na ɗebo," in ji malamar. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ta sa ƙarƙashin na'urar da ke ƙara wa abu girma. "Ke ta can baya, mai littafi. Zo ki faɗa mana me kika gani."

Auta ta so ta ce ita baƙuwa ce, bakin ya ƙi. Ta kafa ido. Da farko haske ne kawai. Ta murɗa inda aka nuna mata, sai ga wani abu mai kamar takalmi yana iyo, ya yi karo da ɗan datti, ya ja da baya, ya kauce.

"Malama, yana da rai. Ya kauce wa wani abu."

"Da me ya san abin yana gabansa? Ba shi da ido."

"Ban sani ba."

"To zauna nan kusa, mu gani ko za mu sani."

Ta zauna. Wata ɗaliba ta matsa mata, ta ara mata fensir. Auta ta juya littafin makinta ta baya, ta zana abin sau huɗu, ta yi musu da wani kan ko gashi ne a jikinsa ko ƙafafu. Rabin maganar malamar ba ta gane ba, kuma hakan bai dame ta ba.

Sai da ɗalibai suka miƙe ta kalli agogo. Awa ɗaya da rabi. Ta fito da gudu.

Baba yana zaune a kan matakala, rana ta cinye inuwar ta bar shi, hularsa a gwiwa. Tun tuni ya gama durowar. Ya leƙa ta taga ya gan ta, ya koma ya zauna. Bai ci komai ba tun safe, ita ce kuma mai tunawa da irin wannan.

"Baba, me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Kina aiki." Ya duba fuskarta. "Mene ne na kuka?"

Ta rasa yadda za ta faɗa ya yi daɗin ji. Shekara uku ba ta yi awa guda ba ta tuna ko ya ci, ko ya sha, ko yana ina ba. Yau ta yi, kuma ta ji daɗin yin, shi ne abin da ya fi tsorata ta.

"Na manta da kai, Baba. Gaba ɗaya na manta kana nan."

Ya daɗe yana juya hular a hannu. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar.

"To mu nemi ofishinsu na ɗaukar ɗalibai," ya ce. "Ba sai Litinin ba."