Likitan da Ba Ya Allura

Ni ce nas ɗin Dakta Ashafa tun ranar da ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe nasa asibitin a Sharada, ɗaki biyu da benci ɗaya, a bayan wani kamfanin roba. Mutumin kirki ne, wallahi, sai dai taurin kai. Ya rantse ba zai yi wa kowa allura ba sai ciwon ya buƙata.

To, a Sharada? Mutum ya wuni tsaye a gaban inji, ya fito jiki duk ya mutu, ka miƙa masa ƙwaya ka ce ya je ya huta? Sai su karɓa, su yi godiya, su tsallaka titi wurin Ya'u mai kyamis, wanda ko atishawa ka yi zai ce ka juya ya yi maka allura. Layinsa har bakin kwata, mu kuwa muna zaune muna korar ƙuda.

Na ce, "Dakta, ko ta bitamin ce a riƙa yi musu mana. Asibitin nan fa rufewa zai yi."

Ya ce, "Sista Uwani, ban bar gwamnati don in koma Ya'u ba. Za su gane."

Ana haka aka kawo mahaifiyarsa, Hajiya Aina'u, daga Ringim da zazzaɓi. Ya ɗora ta a kan ƙwaya, kwana uku ta miƙe garau. Zo ka ga murna! Ya ce matan kamfani sun ga shigarta a rirriƙe, yau da an tashi daga aiki za su ga fitarta da ƙafafunta.

Aka busa jiniya, muka leƙa ɗaki, babu Hajiya. Can na hango ta tsakiyar layin Ya'u. Dakta ya tsallaka, ina biye da shi.

"Hajiya, me kuke yi a nan? Ai kun warke."

"Na dai ji sauƙi, Ɗan'auta. Ƙarasawa na zo yi."

Sai ta juya ga matan, da alfaharinta: "Ɗana ne wannan, likita ne. Ku yi masa uzuri, yana da ƙoƙari. Karatun nasa ne bai kai kan allura ba tukuna."

Tausayinsa ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Wata dattijuwa ta ce, "Allah sarki! Allah ya ba shi ikon ƙarasawa."

Layin gaba ɗaya ya amsa da amin.