Ƙugun Boakye

Da Boakye ya yi ritaya daga aikin kokon cakulan a Kumasi, likita ya ce wasan golf, na buga ƙwallo da sanda, zai sassauta masa ciwon baya. Matarsa Afia kuwa ta rantse wasan ne ke karya shi.

Wata Asabar yana ɗaga sanda ƙugunsa ya ƙage, abokai suka kawo shi gida a duƙe.

"Maigida, yau ƙwallon ce ta rama?" in ji Afia, tana murza masa man kaɗe.

"Ke dai murza. Na gaji da musun nan."

Da ya warware ya koma filin wasan, amma ba sanda, sai bin abokansa a ƙafa yana kallo. Ciwon ya lafa, sai dai Asabar ta daina yi masa daɗi.