Akuyar da Ta Haifi Goma Sha Ɗaya

Ni na canza kalmar, kuma har yau babu wanda ya sani sai ni da Mabel.

A shekarar 1993 ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Jalingo. Aka shirya gasar rubutacciyar waƙa tsakanin makarantu, shugabar makarantarmu ta ce mini, "Malama Mahbuba, kada ki bari mu dawo hannu biyu." Na ba 'yan aji biyar aikin. Abin da suka kawo mini, Allah na tuba: ilimi haske, jahilci duhu, sabuwar jiharmu ta ci gaba. Waƙa talatin, kamar mutum ɗaya ya rubuta su yana gyangyaɗi.

Sai ta Mabel. Yarinya ce 'yar ƙabilar Mumuye, mai zama a layin baya, ba ta magana sai an tambaye ta. Ga yadda waƙarta ta fara:

Uwar alade, kin kwanta cikin taɓo,
Goma sha ɗaya suna tsotso, ba ki ce wayyo ba.
Masu wucewa suna toshe hanci,
Ke kuwa 'ya'yanki kike ƙirgawa.

Ma'aunin waƙar yana ɗingishi, amma sai da na karanta ta sau uku. Na kira ta ofis na tambaye ta me ya kai ta ga alade.

"Mamana ne yake kiwon su a bayan unguwar Sintali, Malama," in ji ta, da irin Hausar gidansu da ba ta raba mace da namiji. "Tun da Baba ya mutu, shi kaɗai ne yake riƙe mu. In ya shiga mota, mutane suna matsawa."

Na gane. Waƙar uwarta ce.

To amma ni ce zan zauna a gaban alƙalai, cikinsu har da wani dattijo abokin mahaifina. Na hango shi yana ɗago ido yana cewa, 'yar gidan Hammanjoda ce ta kawo mana alade taro? Tsoron wannan kallon ne kawai, babu wani abu. Da na zauna buga waƙar a tafireta, duk inda alade yake na sa akuya. Ko minti biyar bai ɗauke ni ba. Har daɗi na ji, wai na yi dabara.

Ban nuna mata ba sai ranar taron, a bakin ƙofar zaure. Ta karanta, ta dube ni.

"Malama, ai ba akuya ba ne."

"Haka za ki karanta. Kina son ki ci ko ba kya so?"

Ta naɗe takardar. Uwarta, Lucy, ta riga ta shiga. Ta sha zanen zumuntar mata na coci, ta zauna can ƙarshen benci, ita da kanta ta bar fili tsakaninta da mutane.

Mabel ta hau ta fara. Muryarta ta fita tas. "Uwar akuya, kin kwanta cikin taɓo, goma sha ɗaya suna tsotso..." Wani a baya ya tuntsire da dariya. A garin da kowa ya tashi cikin dabbobi nake son in wuce da akuyar da take birgima a taɓo, mai nono biyu tana shayar da goma sha ɗaya. Ni da na girma da awaki a tsakar gidanmu, ban tuna ba.

Dattijon nan ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. "'Yata, a ina kika ga wannan akuya? Ki faɗa mana mu je mu saya." Zaure ya ɗauka gaba ɗaya. Da dariyar ta lafa sai ya gyara tabarau ya ce, "Mai waƙa da ido yake fara rubutu. Wadda ba ta taɓa kallon abu ba, kada ta yi masa waƙa. Ko wani ne ya sa miki hannu?"

Mabel ta juyo ta nemi idona. Ina layi na biyu, takardarta ta asali tana cikin jakata, da rubutun hannunta. Miƙewa kawai zan yi. Na sunkuya ina gyara mayafi.

"A'a, Baba," ta ce. "Ni na rubuta."

Ba a bar ta ta ƙarasa ba. Baitin ƙarshe, inda ta ce Mama, babu wanda ya ji shi.

Da aka tashi na so in sulale, sai ga Lucy ta tare ni a gindin darbejiya, tana riƙe da hannun 'yarta. Ta durƙusa har ƙasa, matar da ta girme ni da kusan shekara goma.

"Malama, ka yi haƙuri," ta ce. "Ka wahala a kan yarinyan nan, shi kuma ya ba ka kunya a gaban manya. Ni ban yi makaranta ba, amma ko ni na san akuya. Mabel, roƙi Malama gafara."

Mabel ta durƙusa kusa da uwarta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Malama."

Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, "Ba komai. Ku tashi."